Albarka, Alhaji, a Ƙara Dai

Mu fa a nan, mai kaya ba ya buɗe baki ya ce wa mai saye “ban sayar ba”. Ka shiga Kantin Kwari ka taya shadda, ko Kurmi ka taya takalmin fata, in tayinka bai kai ba, abin da za ka ji shi ne “albarka”. An ƙi kuɗinka ke nan, amma da addu'a aka ƙi, mutuncinka na nan, kuma kana da damar ƙarawa.

Wanda yake son ya ga yadda muke yi, ya je kara a Wudil ranar Juma'a, musamman in Babbar Sallah ta matso. Dillali zai buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya danna gadon baya ya ji tsoka, sannan ya juyo: “Alhaji, taya mana.” Alhaji ya taya. Mai rago ya kau da kai, ya ce albarka. A ƙara, ya sake cewa albarka, amma wannan karon muryar ta yi laushi, kuma dillali ya ji. Haka za a yi ta ja har a kai ga “na sallama”, a biya la'ada, kowa ya ce Allah ya amfana. Kuma muddin ana cikin cinikin nan, ko ragon ya shiga ranka ba za ka tsoma baki ba, sai mai tayin ya janye.

A cikin gida ma da albarka muke auna abu. Iyayenmu mata ba sa yabon shinkafa don arha kaɗai. Sai an dafa, an ga ta yi auki, kwano ɗaya ya zagaye yara har an miƙa wa almajiri, sannan Inna ta ce wannan kam ta yi albarka. Albashin da ya ƙare kafin tsakiyar wata kuwa, komai yawansa, cewa muke ba shi da ita.

Shi ya sa manyan kantunan nan masu liƙa farashi a jikin kaya ba su cika kwanta mini ba. Akwai sauƙi, ban musa ba, amma ba gaisuwa, ba tayi, ba gyara. Mai awon Dawanau kuwa, in ya cika maka tiya, sai ya ƙara damƙa ɗaya a kai tun ba ka roƙa ba.