Tikiti, Kujera da Hanyar Gida: Shawara ga Ɗan Warra Mai Zuwa Kallon Wasa

Da zarar an sauko daga Idi, ko kuma kaka ta yi, shinkafa ta shiga buhu, albasa ta kama hanyar kudu, sai hotunan mawaƙa su cika wayoyi. Wannan zai yi wasa a Kano, wancan a Sakkwato, wani an ce zai sauka Birnin Kebbi. Nan da nan lissafi ya tashi a majalisun samarin Warra da Libata da Ngaski da Yawuri: kuɗin mota, kuɗin ƙofa, kuɗin sabuwar hula. Ni dai ina bayan wannan tafiya ɗari bisa ɗari. Wanda ya shekara yana jan taru ko yana duƙe a fadama ya cancanci daren da zai ga Ali Jita ko Hamisu Breaker ido da ido, domin gani ya kori ji. Sai dai mutumin bakin tafki ba ɗaya yake da ɗan Ƙofar Mata da zai taka sayyadarsa ya shiga filin Sani Abacha ba. Shi kujera ɗaya zai zaɓa. Kai kuwa uku ke jiranka: ta filin wasa, ta mota, da ta jirgin ruwa.

Ka fara tabbatar da akwai wasan

Hoton da abokin ƙanin matar yayanka ya turo maka a WhatsApp ba shaida ba ne. Ka shiga shafin mawaƙin na Facebook ko Instagram, ka nemi bidiyon da ya faɗi rana da gari da bakinsa. In ka ga takardar talla ɗauke da fuskokin mawaƙa goma sha biyu, har da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Naziru Sarkin Waƙa, kuɗin shiga kuma bai kai na kwanon tuwo ba, to ka tsaya ka yi tunani. Araha ba ta ado. Irin wannan wasan, ƙarshensa yaro guda ne zai hau dandamali da baƙin tabarau yana motsa baki, waƙar tana fita daga kwamfuta.

Ka tambayi wurin da kyau. Filin wasa na Haliru Abdu a Birnin Kebbi daban, zauren biki daban, kuma ba kaya ɗaya ake sa musu ba. A fili, in lokacin hunturu ne, ka tafi da rigar sanyi, don bayan sha biyun dare farar shaddarka ba za ta yi maka komai ba sai kyau.

Sayen tikiti

Kada ka ɗauka mu kaɗai ke shan wahalar tikiti. A watan Nuwamba na 2022, cunkoson masu neman tikitin wasan mawaƙiya Taylor Swift ya durƙusar da shafin sayar da tikiti na Ticketmaster a Amurka, maganar ta kai har gaban majalisar dattawan ƙasar. Ranar 31 ga Agusta 2024 kuma, masoyan ƙungiyar mawaƙa ta Oasis a Ingila sun wuni a layin intanet, da layi ya zo kansu sai suka tarar tikitin tsayuwa na kusan fam 150 ya haura fam 350. Can kwamfuta ce ke ƙara kuɗi in ta ga mutane sun yi yawa. A nan wani saurayi ne mai jaka a wuya, yana tsaye nesa kaɗan da ƙofa, yana ce maka na ciki sun ƙare.

To ga abin yi. Ka saya da wuri a inda masu shirya wasan suka ambata, ko a tagar ƙofa da hannunka. In ta waya za ka biya, ka duba sunan asusun kafin ka danna. In sunan wani mutum ne da ba a ambata a sanarwa ba, ka riƙe kuɗinka. Ka ɗauki hoton shaidar biya tun kana gida, domin inda mutum dubu suka taru kowa na ɗaga waya, sabis guduwa yake yi. Ka riƙe tsabar kuɗi ma. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya san yadda mai POS ke zama sarki in taro ya cika.

Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri. A bakin ƙofar wasa duka biyun ake nema daga gare ka. Akwai kuma jumlar da nake roƙonka kada ta fito daga bakinka: "Ni ɗan'uwan mawaƙin ne." Mai gadin ƙofa ya ji ta tun la'asar daga bakin mutum ɗari, kuma dukansu suna nan waje tare da kai. In an buga maka hatimi a bayan hannu, ka yi alwala kafin a buga, ko ka tambayi yadda za a gane ka in ka fita salla ka dawo.

Zaɓen wuri a cikin fili

Kowa gaba yake so, ni kuwa ina tausaya wa na gaba. Mawaƙi na fitowa, na baya za su turo, sai ka tsinci kanka a matse kamar busasshen kifi a kwali, hannunka ɗaya a sama ba ka da inda za ka sauke shi, takalminka ɗaya kuma ya riga ya tafi yawon duniya. Abin dariya ne a baki, amma turereniya na kisa: a birnin Houston na Amurka, a watan Nuwamba na 2021, mutum goma suka rasu a matsatsin gaban dandamali. Saboda haka da shigarka, kafin ka nemi inda mawaƙi zai fito, ka nemi inda kai za ka fita. Ka san ƙofa biyu, ba wadda ka shigo ta ita kaɗai ba.

Kada ka zauna a bakin sifika. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar sauti a wuraren wasa ya wuce desibel 100, kuma sifikar da aka jibga sama da tsayin mutum ba ta san da wannan magana ba. Wanda ya kwana a gabanta zai dawo Warra ana yi masa sannu da zuwa yana amsawa da "naira nawa?" Ɗan guntun auduga a kunne ba ya rage wa namiji ƙima.

Kada kuma ka yi can ƙurya. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, don haka in kana nesa sosai za ka ga makaɗi ya sauke hannu, sai daga baya kiɗan ya iso maka, kana rawa a bayan kowa. Ka nisanci janareto, don hayaƙinsa da gurnaninsa ba sa cikin abin da ka biya.

Wuri mafi daɗi shi ne tsakiya, kusa da teburin mai haɗa sauti. Dalilin a fili yake: da kunnensa yake daidaita kiɗa da murya, abin da ya ji ya yi masa daɗi a inda yake zaune shi za ka ji. In wasan rana ne, ka zauna ɓangaren yamma, rana ta faɗi ta bayanka. Na ɓangaren gabas zai biya kuɗi ya wuni yana kallon tafin hannunsa.

Ita kuwa rumfar manyan baƙi, tana da kujera mai laushi da ruwan roba mai sanyi, amma ka san sharaɗinta. Maroƙi zai hango ka, zai tambayi sunanka da na mahaifinka, kafin ka ankara an kira ka Alhaji a lasifika, an ce kai ke da rabin jiragen tafkin Kainji. Daga nan hannu sai aljihu. In kuɗin albasa ne a jikinka kuma ba naka ba ne kai kaɗai, ka zauna a benci cikin rufin asiri.

Maƙwabcin kujera

Kafin ka zauna, ka dubi wanda ke gabanka. In dogo ne mai doguwar hula, ka matsa. In mai ɗaga waya ne tun ana gwada lasifika, ka matsa, don duk wasan a fuskar wayarsa za ka gan shi. In na kusa da kai ya haddace waƙoƙin kuma yana da murya irin tasa ta kansa, ka ba shi rake ko gyaɗa, bakinsa ya samu aikin yi. Kai ma ka ɗauki bidiyo kaɗan na nuna wa mutanen gida, sauran ka bar wa idonka.

Waya da kuɗi su zauna a aljihun gaba ko na ciki, saboda 'yan sane ma sun sayi tikiti, kuma su aiki suka zo. 'Yar'uwa, ki tafi da sanin gida tare da 'yan'uwa ko ƙawaye, ku zauna wuri ɗaya a ɓangaren da aka ware wa mata in akwai, ku kuma sa alamar inda za ku haɗu in taro ya raba ku.

Maganar liƙi

Ƙasar Yawuri ta san darajar mawaƙi. Nan Alhaji Sani Aliyu Ɗandawo ya zauna ya yi zamaninsa. Kyauta ga mai waƙa al'adarmu ce, kuma babu mai cewa a bari. Sai dai sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da tattaka ta, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyu, kuma EFCC ta gurfanar da mutane a kan haka. Ka miƙa a hannu ko ka sa a faranti. Mawaƙin ma ya fi son haka, don ba sai yaransa sun yi kokawa da jama'a a ƙasa ba.

Kallon da ke kusa da gida

Ba sai an je birni ake zaɓen wuri ba. A bikin Rigata na Yawuri, inda Gungawa da sauran mutanen ruwa ke tseren jirage a gaban Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ka nemi tudu kusa da inda ake ƙare tsere. Kada ka hau jirgin da aka ɗaure a gaɓa don ka fi kowa gani. Mutum ashirin za su biyo ka, kuma kallo zai koma kanku. A Argungu, bikin da ya samo asali tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, babban sun da ake yi a Matan Fada bai cika wuce awa guda ba. Wanda ya tafi neman tsire a lokacin zai dawo ya tarar ana auna kifi. A gidan dambe kuwa, ka san jam'iyyar da ka zauna a cikinta. Mai yi wa Kudu ihu a tsakiyar 'yan Arewa ko Guramaɗa ya zaɓi kujera mai zafi.

Mota da jirgi

Daga Yawuri zuwa Birnin Kebbi sai ka ratsa ƙasar Shanga, ka wuce Koko da Jega. Tafiya ce ta rana. Ka fita da safe, ka nemi gidan gaba ko gefen taga in ƙafarka doguwa ce, ka kuma ware kuɗin dawowa a aljihu daban wanda ko maroƙin da ya fi kowa zaƙin baki ba zai kai gare shi ba. In an tashi wasa cikin dare, ka kwana a garin. Duk ɗan Yawuri yana da wani nasa a Birnin Kebbi, ka kai masa busasshen kifi, tabarma ba za ta gagara ba.

A nan zan ajiye raha. Tun da aka datse Kwara a Kainji a 1968, ruwa ya rufe garuruwa da dazuka, kututturan itatuwa suna nan a ƙarƙashi, da dare kuma direba ba ya ganinsu. Ranar 26 ga Mayu 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja, maƙare da mutum fiye da ɗari da kaya, ya nutse a kusa da Warra, gidaje da yawa suka shiga makoki. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya, kuma gaskiyarta ne. Ka sa rigar ko da ka iya ruwa tun kana yaro, ka ɗaure igiyarta, ka sa wa na kusa da kai. Ka dubi gefen jirgin kafin ka shiga: in ruwa ya kusa taɓa bakinsa, lodi ya yi yawa.

In direba ya ce a matsa a ƙara mutum biyar da babur, ka sauka ka jira na gaba, ko da hakan zai sa ka rasa rabin wasan. Mawaƙin zai sake zagayowa baɗi, kuma muna so a sake sayen tikiti da kai.