Wai Me Ke Tayar Da Mu Daga Tabarma?

A 1943 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Abraham Maslow, ya jera buƙatun mutum hawa-hawa: sai ciki ya cika, an samu makwanci da kwanciyar hankali, sannan a nemi ƙauna, sannan girma a idon jama'a. Shi kansa ya yarda jerin yakan birkice, to da ya sauka a tashar jirgin Kafanchan cikin Disamba da ya ga birkicewar da idonsa. Mu nan daga sama muke farawa. Rumbu ya yi ƙasa, kuɗin makaranta na jiran Janairu, amma ankon zumuntar mata sai an ɗinka, kuma ranar 1 ga Janairu duk mai ƙafa yana Kagoro wajen bikin Afan. Na Kwoi su yi tanadin bikin Tuk Ham, masu Sallah su ci bashin rago, kowa da irin tasa, ba mai yi wa wani gori.

Ku dubi gayya, don nan asirinmu yake tonuwa. Mutumin da a gonarsa kunya uku ke sa shi neman inuwa, a kai shi gonar maƙwabci, ga tsara a jere, ga mata na tafe da faten acca, sai ka rantse ba shi ba ne. Garma na tashi, ƙura na tashi, shi da ciwon bayan da ya kwana yana kuka da shi sai bayan an watse. Me aka biya shi? Ko sisi. Kai, gwada ma ka miƙa masa kuɗi ka ga yadda fuska za ta canza: “Haba kawu, ni ɗan ƙodago ne?” Wani masanin, Edward Deci, ya gano irin wannan a 1971, da ya biya ɗalibai kuɗi kan wasan haɗa-haɗa da suke yi don daɗi, aka janye kuɗin, sha'awar ta ragu. Iyayenmu mata sun riga shi sani. Wadda ta kwana gaban murhu a gidan biki ko gidan makoki, sannu take so da ƙwarya a kai mata har gida, kuma ina ƙaunarmu saboda wannan.

Sai kuma leƙen katanga. Masani Leon Festinger ya rubuta a 1954 cewa mutum da na kusa da shi yake auna kansa, mu kuwa har da mudu. Wane ya sayar da citta ya sa sabon kwano, bana unguwa duka citta za ta shuka, har da malamin Gidan Waya da bai taɓa riƙe fartanya ba. Da cuta ta cinye cittar a 2023, daga Kachia har Jaba, an yi kuka na gaske, gidaje sun jigata. Amma damina na dawowa sai ga mu muna raɗa a kasuwa: “Ina ake samun iri mai kyau?” Ka tambaye mu dalili, mu ce yara ne, kuma gaskiya ne. Sauran gaskiyar ita ce mun ji labarin wane ya riga ya yi sharar gona, kuma a unguwar nan ba a haifi wanda zai yarda a ce shi ne na ƙarshe ba.