Zaɓen Abin Aske Shinge a Tungar Guru

Shingen da ake askewa shi ne mai rai, wanda aka dasa ya kama ƙasa yana tofo. Dangar kara da darnin zana ba sa neman aski, gara da iskar bazara sun ɗauke wa masu su wannan wahala. A Tungar Guru da sauran ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, a yammacin jihar Zamfara, shinge mai rai yakan kewaye garka ko lambu ko gefen gida, kuma aikinsa na farko shi ne hana akuya shiga. Kyan gani daga baya yake zuwa. Duk wanda ya sa kyan gani a gaba zai kashe kuɗi, kuma misalan da ke tafe sun isa shaida. Dukkansu na magidanci ɗaya ne, wato mai wannan rubutu, wanda ya je Gusau ya ga shingen fulawa a ƙofar ofisoshi an aske shi kusurwa huɗu, ya dawo gida da niyya.

Irin shingen

Kafin a tambayi kuɗin inji, sai a duba abin da za a aske. Aguwa ce ta fi yawa a ƙasar Sakkwato da Zamfara har cikin Nijar. Rassanta masu taushi ne, cike da farin ruwa mai danƙo, kuma reshen da aka sare aka kafa gab da saukar damina yakan kama. Bini-da-zugu ma haka yake kamawa, sai dai ruwansa yana ɓata tufafi, 'ya'yansa kuma guba ne. Dashi yana da ƙaya, rassansa kan yi kauri in an ƙyale shi. Lalle kuwa rassansa sirara ne, ya fi duk sauran karɓar aski, amma yana da sharaɗin da ba a rubuta a jikin kowane inji ba: da wuya a sami lallen da ba shi da mai shi, kuma mai shin galibi mace ce.

Kayan hannu

Adda ce uwar kayan aski. Maƙerin gari ke ƙera ta, dutse ke wasa ta, ba ta shan fetur, ba ta jiran a kawo wuta. Babban amfaninta shi ne tana sare reshe ɗungurungum, a ɗauke shi a kafa inda aka sami giɓi, shinge ya haifi shinge. Lauje na ƙananan rassa ne, da shi ake yankan lalle a shanya a kakkaɓe ganyen. Aibinsu ɗaya ne, ba sa fitar da layi miƙaƙƙe, saman shinge yakan fito da tudu da kwari.

Wanda tudu da kwarin suka dama yakan koma ga almakashin shinge mai dogayen ƙotoci biyu. Yana yanka tsaf matuƙar reshen bai wuce kaurin fensir ba. Mai wannan rubutu ya gwada nasa a kan dashi. Reshen ya shiga tsakanin bakin biyu ya zauna daram, kusar tsakiya ta saki, aka bar mutum tsaye da wuƙa ɗaya a kowane hannu. Washegari sai ɗansa ne ya ɗora masa hula, domin hannayen sun ƙi wuce kafaɗa. A ranar ya tabbatar wa kansa cewa rashin inji ne matsalar.

Abin dubawa a jikin inji

Injin aske shinge wuƙaƙe biyu ne masu haƙora, ɗaya bisa ɗaya, suna kai da komo sau dubbai a minti guda. Tsawon bakinsa yakan kama daga santimita 45 zuwa 75. Dogo ya fi sauri, gajere ya fi jin magana. Tazarar haƙora, wadda ba ta cika wuce santimita 2 zuwa 3 ba, ita ke nuna kaurin reshen da zai iya ci. Sai nauyi, wanda ba a jin sa a shago, sai an jima riƙe da injin daidai ƙirji. Kamfanonin da suka yi fice sun haɗa da Stihl na Jamus, wanda aka kafa a 1926, da Makita na Japan, a 1915, da Husqvarna na Suwidin, wanda ya fara da ƙera bindigogi a 1689. A kasuwa akan ci karo da injinan da sunansu ya yi kusa da waɗannan, bambancin harafi ɗaya ne, bambancin kuɗi kuwa mai yawa. Mai wannan rubutu ya karanta kuɗin da kyau, harafin ne bai tsaya karantawa ba.

Mai igiyar wuta

Wannan shi ne mafi araha da rashin nauyi, kilo 3 ko kusa da haka, yana cin wat 400 zuwa 600. Bukatarsa wuta ce kawai. A ƙauyen da wayar salula ma sai an kai ta shagon caji, wannan bukata ta ƙunshi janareto, da fetur ɗin janareto, da igiya mai tsawon da zai kai ƙarshen shinge, da yaron da zai riƙa jan ta. Ka'ida ita ce a rataya igiyar a kafaɗa ta bi bayan mai aiki, domin sanannen hatsarin irin wannan inji shi ne ya datse igiyar da ke ciyar da shi.

A misalin da ake magana, an yi hayar janareton mai shagon caji, aiki ya fara lafiya lau, har yaron da ke jan igiya ya hango ana raba rake ya tafi. Igiyar ta kwanta cikin aguwa. Aka ga tartsatsi, aka ji shiru. Mai aski ya girgiza kai irin na wanda ya san ƙasarsa, ya sanar da jama'a cewa an ɗauke wuta. Mai janareto ya ce, “Malam, wa za ya ɗauke ta, ga janareto nan yana kuka?”

Mai fetur

Shi ne mafi ƙarfi, shi ne kuma mafi nauyi, kilo 5 zuwa 6. Injinsa irin na zarton yankan itace ne, ba shi da wurin zuba baƙin mai dabam. Ana gauraya fetur da man injin da aka yi dominsa, galibi kashi 50 da kashi 1, wato mililita 20 a kowace lita, kuma zallan fetur yakan ƙone fistin nan take. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, magidancin da zai zuba lita guda don gyaran aguwa sai ya tanadi amsar da zai bayar a cikin gida.

Ƙararsa takan wuce desibel 90, alhali daga 85 ne ake gargaɗin a toshe kunne in za a daɗe. Ban da kunne, akwai maƙwabta. A yankin da ƙarar babur da sassafe ba abin wasa ba ce, ladabi shi ne a sanar da mutane tun da dare. Mai wannan rubutu ya aro irin wannan inji a wurin wani ɗan'uwansa mai aikin lambu a birni, ya ja igiyarsa bayan sallar asuba ba tare da ya gaya wa kowa ba. Kafin ya yi taku goma ɗan aiken maigari ya iso, maza na biye da sanduna. Da suka ga abin da ake ciki ba su koma ba, suka nemi wuri suka zauna.

Abin da suka kalla ya ƙunshi darussa uku. Haƙoran inji suna fesa ruwan aguwa ko'ina, ruwan kuma yana da zafi a ido, don haka tabarau wajibi ne. Ba a aski da babbar riga, domin hannunta yana zuwa ko'ina kafin mai ita. Sannan rina tana gina gidanta a cikin shinge. Mai adda yana tafiya a hankali, yakan ga gidan ya kauce, mai inji kuwa ba ya gani ba ya ji sai an iso shi. Littafin injin ya yi bayanin maɓallin kashewa dalla-dalla, amma bai faɗi yadda ake tuna bayanin ba sa'ad da rina ta shiga cikin riga. An jefar da inji, an ruga, dashi ya riƙe babbar riga, mai ita ya fita ya bar masa. Kafin azahar fuskarsa ta tashi kamar fanke a mai, masu zuwa jaje kuma suna sauri su fita zaure kafin dariya ta kubce musu.

Mai batir

Wannan shi ne na zamani. Ba shi da hayaƙi, ba shi da igiya, ƙararsa kaɗan ce. Yawanci batirinsa na litiyam ne mai bolt 18, yana aiki rabin awa zuwa awa guda, kuma ana iya cajinsa a gidan da ke da sola. Zafin watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40, yana rage wa batir kwana, don haka ba a barin sa a rana. A kuma tambaya tun a shago, domin sau da yawa inji dabam ake sayarwa, batir dabam, caja dabam.

Aibinsa yana cikin kyansa: ba wanda ke jin ana aiki balle ya zo ya hana. Da wanda ƙanensa ya aiko masa daga Kano ne mai wannan rubutu ya gama da aguwa, ya ga batir bai ƙare ba, ya zarce kan lallen da uwargida ke jiran yanka saboda kasuwar Sallah. Ganyen ya zube a ƙasa gutsi-gutsi, ya cakuɗe da yashi da danƙon aguwa. Ta fito ta ce, “Malam, mi kay yi ma lallena?” Ya ce gyara ne. Ta auna gyaran da tiya, ta yi masa kuɗi a farashin jajibiri, ba ragi.

Siffa da lokaci

Ana aske shinge gindi da faɗi, sama a tsuke, don rana ta kai ga rassan ƙasa. In aka yi akasin haka gindin yakan zubar da ganye ya buɗe, kuma ta nan akuya ke shiga. Ana kafa turaku biyu a ɗaura igiya a bi ta. Wanda ya dogara da ido zai ga hagu ya fi tsawo ya rage, ya ga dama ya fi ya rage, har shinge ya dawo daidai gwiwa. Nan na mai wannan rubutu ya tsaya, jar akuyar maƙwabci ta tsallake ko gudu ba ta yi ba, ta gama da zogale da tumatir. Bisa al'ada mai dabba ke biyan ɓarna, amma da magana ta je gaban maigari tambaya ɗaya ya yi, wa ya rage shingen, aka tashi.

Babban sara na aguwa da bini-da-zugu a ƙarshen rani ake yin sa, don a sami rassan dashe, abin da inji ba ya bari domin niƙe su yake yi. Da damina gyaran sama kawai ake yi, bayan an bubbuga shinge da doguwar sanda saboda maciji, an kuma leƙa ko zabuwa ta yi ƙwai.

Zaɓi da ajiya

Aguwa, bini-da-zugu da dashi na adda ne. Lalle na lauje ne, da izinin mai shi. Mai batir ya dace da shingen fulawa a gidan da ke da sola, mai fetur kuma da wanda aski ne sana'arsa. A tuna da gyara: mai gyaran babur ko injin ban ruwa zai iya taɓa mai fetur, amma kayan mai batir sai an aika birni. Bayan aiki ana goge danƙo da kananzir, a shafa wa haƙora mai, a mayar da kube. Ana tsiyaye sauran fetur domin tsohon mai yana toshe kafireto, batir kuma a ajiye shi da rabin caji a wuri mai sanyi. Injin kansa a rataye shi inda hannun yara ba ya kaiwa, inda kuma baƙo ba zai gan shi ya nemi a ba shi labari ba.