Wankan Notepad

Na kwaso rubutu daga intanet na kai wani shagon buga takardu a Malali. Yaron shagon ya manna shi a Word, sai ga shi kamar amarya ranar kamu: nan ja, can shuɗi, har da tallan sabulu a gindi. Kwalliyar HTML ce ta biyo shi, abin nan da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tun 1990.

"Baba, bari a yi masa wanka."

Ya tsoma shi a Notepad, ya fito fes. Amma da tsohuwar kwamfutar ta adana, ƙugiyoyi sun bi ruwa: ƙasa ta koma ?asa, ɗa ya koma ?a. Haka na biya kuɗin bugu, har da na tambayoyin.