Bayan A Sai B

Marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya tak gare shi a kuntiginsa, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, amma da ita ya ci ya sha ya zaga duniya har Allah ya karɓi abinsa a 2015. Garaya biyu gare ta, molo uku. Babu wadda aka dasa wa ƙarafa a wuya a cikinsu, kunne ne ke gaya wa yatsa inda zai sauka. Ni kuwa da na tashi shiga harkar kiɗa, bayan furfura ta fara leƙowa, sai na tsallake su duka na ɗauko mai tsirkiya shida.

Wani abokin aikina ne ya jawo min. Ya turo min bidiyon Bombino, ɗan Agadas ɗin nan, yatsunsa suna ta yawo a wuyan jita, shi kuwa ko kallonsu ba ya yi. Zuciyata ta ce min ai wannan ba wani abu ba ne, yatsu biyar gare shi, kai ma biyar gare ka. Ranar Asabar na shiga Sabon Gari na sayo wata ta hannu. Mai shagon ya kira ni Alhaji, abin da ya ƙara wa kuɗin nauyi, sannan ya tambaye ni ko yarona na saya wa. Na ce eh. Sai da aka yi magariba na shigo da ita gida a cikin buhu.

Shi dai mai shagon ne ya haɗa ni da wani saurayi mai kaɗa jita a coci, Hausarsa garau, haƙurinsa kuma ya fi Hausar. A zaman farko ya ɗora jitar a cinyarsa ya ce, "Baba, kafin ka yi waƙa ko ɗaya, sai ka san mazauna wuyan nan." Ya nuna min ƙarafan da aka gindaya, ya ce tsakanin ƙarfe da ƙarfe gida ne, kowane gida a kan kowace tsirkiya da sautinsa da sunansa. In ba ka danna komai ba, daga mai kauri zuwa siririya sunayensu E, A, D, G, B, E. Harufan bakwai ne, A zuwa G, amma sautukan 12 ne, domin akwai biyar da ke raɓe a tsakani, su ne ake yi wa alamar # a kira su shaf. Wuri biyu ne kawai babu ɗan raɓe: daga E sai F, daga B sai C. In ka kai gida na 12, inda ɗigo biyu suke, ka raba tsirkiya gida biyu daidai, sunayen sai su sake farawa. Na yi lissafi a zuci, 6 sau 12, gidaje 72. Na tambaye shi ko Bombino ya san su duka. Ya ce in bar Bombino tukuna.

Shawararsa mai sauƙi ce. Minti goma a kullum, kada ya wuce, kada kuma a yi fashi. In zaɓi harafi ɗaya, in nemo shi a kan kowace tsirkiya, in kaɗa, in faɗi sunansa da ƙarfi, in saurara. Ya ce kamar hadda ce a makarantar allo, ƙari kaɗan, tilawa da yawa, kuma allon ana wanke shi ne don karatun ya koma ka. Na gyaɗa kai. A raina kuwa na ce yaro yaro ne. Mutumin da ya shekara da shekaru yana manna wa fayil lamba a ofis, shi za a ce ya zauna yana lalube? Na sayo salatif mai takarda da biro mai kyau, na yini ina yanka 'yan gutsattsari ina rubutawa. Kafin la'asar gidaje 72 kowanne ya samu sunansa a goshi. Na ɗauki hoto na adana.

Bayan isha'i nake zama a zaure. Abu ɗaya na riƙe daga shawarar yaron, wato faɗin suna da ƙarfi, kuma na riƙe shi da gaske. Daren da na yi a kan F, washegari maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci, fuskarsa cike da jimami. Ya ce, "Malam, jiya na ji ka kana ta F, F, F, har guda shida. Sakamakon yaran ne ya fito?" Kafin in buɗe baki ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, kowa da irin jarrabawarsa, kuma ai akwai NECO. Na ce na gode. Me zan ce? Gara a ce 'ya'yana sun faɗi darussa shida da a ce an ji ni da jita a unguwa.

Surukata ma ta zo mana kwana biyu, ta jiyo ni daga tsakar gida ina A, B, C. Ta ja 'yarta gefe ta ce, "Ashe mijin naki duk shekarun nan bai yi bokon ba? To madalla da ya farga, gemu ba ya hana ilimi." Uwargida ba ta gyara mata ba. Da na yi ƙorafi sai ta ce, "Malam, zaɓi ɗaya: ɗan yaƙi da jahilci ko maroƙi?" Na yi shiru.

Sai hunturu ya shigo. Wanda bai taɓa ajiye jita a Kano cikin Disamba ba bai san abin da iskar nan ke yi wa katako ba. Wuya ya bushe ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana kartar hannu, tsirkiyoyi kullum sai an sake saita su. Salatif kuwa ya fara naɗe baki yana ɗagowa. A daidai lokacin malamina ya tafi garinsu Kirsimeti, ni kuma ofis ya tura ni wani taron bita a Kaduna. Na jingine jitar a bayan ƙofa na tafi.

Da na dawo na tarar da takardun sun ragu. Daga gida na 8 zuwa na 12 babu ko ɗaya, masu alamar shaf ma duk sun ɓace. Na ce iska ce, kuma ta yi min adalci, ta kwashe masu wuyar ta bar min masu sauƙi. Da na zauna tilawa a daren, sai na ji abin yana shiga kaina ba gargada. Gida na 1 A, na 2 B, na 3 C, haka har G a gida na 7. Na koma tsirkiya ta gaba, haka. Ta gaba, haka. Na ajiye jitar na yi hamdala. Ashe haka ilimi yake, ka yi ta fama ka yi ta fama, rana ɗaya sai ya buɗe maka. Har na ɗan tausaya wa yaron, da ya ɗauki abu miƙaƙƙe ya yi ta murɗa shi, wai daga E sai F.

Daga ranar ban yi fashi ba. Minti goma ya zama rabin awa. Ina shaida wa duk mai shakka cewa maimaitawa a kullum tana aiki, domin kafin shekara ta ƙare ko cikin duhu aka ce min D, yatsana ya sauka a gida na 4 ba tare da shawara da ni ba. NEPA ta ɗauke wuta, ban tsaya ba. A ofis na fara magana da sabuwar murya. Na ce wa abokin nan nawa wuyan jita yana kaina tsaf.

Shi ya sa da ya yi baƙo, wani saurayi daga Agadas da ya zo sarin kaya Kantin Kwari, wanda ke kaɗa jita a bukukuwan aure a can gida, ya kira ni ya ce lallai in zo da tawa. Na tarar an shimfiɗa darduma, shayi na kan gawayi, mutanen ofis ɗinmu sun cika wurin. An gabatar da ni a matsayin wanda ya haddace wuyan jita cikin wata biyu. Na ce a'a, a'a, ana dai taɓawa, irin a'ar da ke neman a ƙara.

Saurayin ya gaishe ni cikin ladabi ya ce, "Baba, ba ni La mu daidaita." Na duba wuyan jita sama da ƙasa, babu La. Ashe su a Nijar tsarin Faransawa suke bi, Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si, wanda asalinsa ke komawa ga wani malamin coci ɗan Italiya, Guido na Arezzo, tun ƙarni na 11. A wurinsu Do kullum C ce. Wani ya duba waya ya ce La ita ce A. Na ce to, A ce ashe, ai sai a faɗa. Na danna gida na 1 a kan mai kauri, na kaɗa da ƙarfi.

Saurayin ya runtse ido ɗaya. Ya kaɗa tasa, na sake kaɗa tawa, sautukan biyu suka ƙi gaisawa. Ya ce, "Wannan Fa ce, Baba." Na ce hunturu ne, ya sassauta tsirkiya. Ya karɓa ya gwada su ɗaya bayan ɗaya ya ce lafiyarsu ƙalau. Ya ce to mu bar La, in ba shi Mi. Mai waya ya ce E. Yatsana ya tafi gida na 5 da kansa. Na kaɗa. Fuskar saurayin ta washe, ya ce, "Yauwa! Ga La ɗin da na roƙa ɗazu."

Wanda ke zuba shayi ya zuba a kan darduma.

Saurayin ya juyo da wuyan jitar wajen fitila ya karanta takardun layi layi. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, har ya cusa bakin rawaninsa a baki. Daga ƙarshe ya ce, "Baba, wa ya jera maka waɗannan?" Na ce ni. Na ciro waya don in nuna hoton ranar farko a matsayin hujja, hoton ya ba da shaida a kaina: gida na 1 F, na 3 G, na 5 A, na 7 B, na 8 C. Na ce ina da uzuri a gida. Ko shayi na biyu ban jira ba.

Binciken bai ɗauki lokaci ba, domin mai laifin ba ta ɓuya ba. Auta ce, 'yar nazare. Ta ce ta ga takardun Baba suna zubowa, ta tsince su, ta ɓamɓare sauran, ta gyara min. "Baba, ai ka jera su ba daidai ba. Anti ta ce bayan A sai B." Na tambaye ta masu alamar fa? Ta ce waɗanda na soke? Ta manna su a bayan firji. Na leƙa, ga su nan guda 30 reras. Sauran 42 kuwa, da yake kowace tsirkiya tana da A zuwa G sau ɗaya a cikin gidaje 12, sun ba ta layi shida cif, ko guda bai yi saura ba. Ta miƙo hannu a ba ta ladan aiki. Uwargida tana bakin murhu, kafaɗunta suna rawa, wai hayaƙi ne.

Malamina ya dawo a Janairu. Ya zauna ya bi aikin Auta gida gida, ya ce ta ci huɗu: B da C a gida na 2 da na 3 kan tsirkiyar A, sai E da F a gida na 5 da na 6 kan tsirkiyar B. Huɗu cikin 42, kuma ni na haddace su duka, har da 38 ɗin. Ya ɓamɓare takardun, ya goge danƙon da tsumma, ya nuna min abin da masu ƙera jita suka riga suka sa tun farko, ɗigogin gida na 3, 5, 7, 9 da 12. Ya ce in kama tsirkiyoyi biyu masu kauri kawai. In na san sauti a kan ɗayansu, in tsallake tsirkiya ɗaya in ƙara gida biyu, zan tarar da mai sunansa da siririyar murya. Gida na 5 kuma shi ne sautin tsirkiyar da ke biye, ban da a kan G, inda yake gida na 4. Siririyar E kuwa kyauta ce, sunayenta ɗaya da na mai kauri. Ya ƙara da cewa Mdou Moctar, wani ɗan Nijar ɗin, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, ba wanda ya manna masa takarda. Ban ga dalilin wannan ƙarin bayanin ba.

Cire karatun banza ya fi sa shi wuya nesa ba kusa ba. Yanzu sai na rufe ido, in kaɗa, in saurara, sannan in faɗi suna a hankali saboda maƙwabci. Tsirkiyoyi biyun sun zauna har gida na 12, ta uku tana hanya. Amma har gobe in aka ce min A ba shiri, yatsana gida na 1 yake fara nufa, sai na janyo shi.

Auta kuma an fara koya musu ƙirga. Shekaranjiya na same ta tsaye a gaban jitar da maka a hannu, tana cewa ɗigogin sun tsallake 1 da 2 da 4. Don Allah wanda ya san kafinta mai yin akwatin jita da kwaɗo, ya sanar da ni kafin ƙarshen mako.