Haddar Najdorf

A zangon Yendi ba a zama da ni a kan allon dam a tashi da dariya. Har Salaga da Bawku na je na ci mutane, ina buga ƙwaya da ƙarfi ina habaici. Shi ya sa da na ji za a yi gasar ces ta sauri a Tamale, na ce ai ɗan gida ɗaya ne: dam gida 100, ces gida 64, ragi ma aka yi mini.

Na duƙufa a waya ina haddar buɗin Najdorf, reshen kariyar Sisiliya, wanda Bobby Fischer da Garry Kasparov suka yi suna da shi. Mai fari ya tura sojan gaban sarki gida biyu, kai mai baƙi ka amsa da c5, a bi a bi har a6 a tafiya ta 5. Na iya shi kamar karatun allo, ba fassara.

Minti 15 kowa, da ƙarin daƙiƙa 10 a kowace tafiya. Aka ba ni baƙi, na yi hamdala. Abokiyar karawata wata yarinya ce da hijabi, ƙafarta ba ta kai ƙasa daga kujera. Ta sa hannu ta tura sojan gaban sarauniya.

Na ce, "'Yata, ba da wannan ake farawa ba."

Alƙalin wasa ya ɗora yatsa a baki. Nan ba a magana, balle habaici, rabin makamina ke nan ya tafi. Na zauna ina nazari, na yi tafiya, na harɗe hannu ina jiran ta. Ita ma tana jira, cikin ladabi. Sai da mintunana suka zube ta ce a hankali, "Baba, ba ka danna agogo ba."

Can ta bar wani soja a fili. A dam ci dole ne, kuma hannuna bai san an canza addini ba. Sarauniyata ta cinye shi. Dokinta ya yi tsalle ɗaya ya kama sarki da sarauniya tare, ta rubuta a takardarta da kyakkyawan rubutu.

Na sha kokon alhini a waje, na sake bitar haddata, na ce wancan kuskuren yarinyar ne, na gaba zai fara daidai. Aka liƙa jadawalin zagaye na biyu a bango. An ba ni fari.