Yadda Ake Shirya Gida Kafin Muku-mukun Silver Spring, Idan Gidan Ya Ga Dama

Ba zan ɓata muku lokaci da cewa ku sayi rigar sanyi da safa ba. Duk wanda ya taɓa tsayuwa jiran bas a Georgia Avenue cikin watan Janairu, iska na shiga ta ƙafar wando tana fita ta wuyan riga, ya wuce wannan aji. Shawarwarin nan na waɗanda suka riga suka ɗanɗana ne, masu kafet a ɗakin ƙasa da har yau bai gama bushewa ba, masu jin gabansu ya faɗi duk lokacin da wani abu ya ce ɗis a cikin bango.

Abu ɗaya za ka riƙe tun farko: a nan Amurka gida maijego ne. A garinmu gida ke rufa maka asiri, a nan kai ne mai kula da shi. Ka gasa shi, ka lulluɓe shi, ka tashi tsakar dare ka taɓa jikinsa ka ji ko da sauran ɗumi. Bambancin kawai, jego kwana arba'in ne, wannan kuwa daga Disamba har Maris, kuma babu ƙauri, babu kunun kanwa, babu mai zuwa barka.

1. Ka san ranar da zai iso

Ba ka da uzuri. Hedikwatar hukumar hasashen yanayi ta Amurka baki ɗaya a nan Silver Spring take, kan titin East-West Highway, dab da tashar jirgin Metro. Shugabannin mutanen da ke gaya wa Alaska da Texas abin da sama za ta yi gobe, da su kake bin layin sayen kofi. Za su faɗa maka, kuma da wuri. Matsalar ita ce da wane ma'auni za su faɗa.

Duniya ta yarda ruwa na daskarewa a sifili. Amurka ta ce a'a, a 32 ne. Saboda haka idan ka ji an ce daren gobe 20, kada ka yi murna, kusan 7 ke nan ƙasa da sifili a ma'aunin da muka koya a firamare, kuma daga nan ne bututun da ba a lulluɓe ba yake fara tunanin yi maka tawaye.

Kada ka kuskura ka faɗa wa mutanen gida wannan adadi. Na kira yayana a Kano na ce, “Yaya, yau fa muna 20.” Sai ya ce, “Kai, kun ji daɗinku, Jos ke nan. Mu nan hunturu ya hana mu sakat, jiya sai da aka hura wa Hajiya kasko, yara ma ba su yi wanka ba.” Na yi shiru. Mutumin nan yana maganar ne a ƙofar gida, sanye da silifas, ina jin kukan akuya a bayansa. Ya ci gaba da ba ni labarin faso da kaushi da tsadar man shafawa, ya ƙare da cewa in taimaka da ɗan abin sayen bargo. Na tura. Me zan ce? Wanda bai taɓa ganin gashin hancinsa ya daskare tsakanin ƙofa da mota ba, ba za ka iya yi masa tafsiri ta waya ba. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan ka shafa ka fita, ka dawo ka ba mu labari.

2. Ka nemo makullin ruwan gidan tun kana cikin hayyacinka

Yana ɗakin ƙasa, wajen da babban bututu ya shigo daga titi. Wato yana bayan jakunkunan nan masu zanen gida-gida da aka cika da kayan da “za a aika gida idan an sami mai tafiya”, da keken yaron da yanzu yake jami'a. Ka janye su yau. Ranar da ruwa ya kai idon sahu, da tocilar waya a baki, ba ranar bincike ba ce.

Ga yadda abin yake faruwa, don ka san maƙiyinka. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Ƙanƙarar ta toshe bututu a wuri guda, ta yi ta tura sauran ruwan zuwa bakin famfon da ke rufe, har matsin ya fi ƙarfin ƙarfen, ya tsage. Kuma ba za ka sani ba, domin ƙanƙarar ta toshe ɓarakar da kanta. Sai ranar da rana ta fito, gari ya ɗan saki, maƙwabta na gaisawa da fara'a, ranar ce silin ɗinka zai fara zubar da hawaye. Hukumar ruwa tana da nata fama da manyan bututan titi. A Disamban 2008 wani ƙato ya fashe a River Road da ke Bethesda, sai da aka kwashe wasu masu motoci da jirgi mai saukar ungulu. Amma abin da ke cikin bangonka naka ne kai kaɗai, gado ne ba mai raba ka da shi.

A nan ina so in yi magana da wani bawan Allah. Ban san sunansa ba, ban san ko yana raye ba, domin yawancin gidajen unguwanninmu tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka gina su. Malam, kai da ka ɗauki bututun ruwa ka bi da shi ta bangon waje, ɓangaren arewa, inda rana ba ta leƙawa sai da takardar gayyata, ka rufe da allo ka shafa fenti ka karɓi kuɗinka: me muka yi maka? Ga tsakiyar gida fili fetal. Ga ɗumi. Ka san garin nan sanyi yake yi, an haife ka a ciki. Ba ka da hujjar baƙunta irin tawa. Wallahi na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, amma kai sai na yi shawara.

3. Ka bar famfo yana ɗiga

Wannan ita ce shawarar da ta fi sauƙi, kuma ita ce ta fi wuyar aiwatarwa a gidan Bahaushe. Ɗigon nan shi ke rage matsin da na faɗa. Ka buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumin ɗaki ya shiga. Ka cire tiyon ban ruwa na waje, ka kulle famfonsa daga ciki. Kada ka bar na'urar ɗumama gida ta sauka ƙasa da 55 a ma'auninsu, ko da za ka yi tafiya, wato ka biya kuɗin gas don bututu ya ji daɗi a gidan da ba kowa.

Duk wannan mai yiwuwa ne idan surukarka ba ta zo ganin jikoki ba. Tawa ta zo. Baiwar Allah ta tashi nafila cikin dare, ta bi famfunan gidan ɗaya bayan ɗaya ta murɗe su tam, ta rufe kabad, ta kashe abin da ta ga yana “cin wuta a banza”. Da safe na durƙusa na gaishe ta na ce, “Hajiya, don Allah a riƙa barin famfon nan, da gangan aka bar shi.” Ta dube ni ta ce, “Da gangan? Ɗan nan, ni da na yi shekaru ina jiran mai ruwa da kurarsa, a gabana za a zubar da ni'imar Allah da gangan? Almubazzarai dai an faɗi 'yan'uwan waye.” Na fara bayanin kashi 9 cikin 100. Uwargida ta yi mini ido. Na ce, “Haka ne, Hajiya, Allah ya ƙara girma.” Yanzu tsarinmu shi ne ita ta rufe ƙarfe uku, ni in buɗe uku da rabi.

4. Shebur da gishiri

Dokar gundumarmu ta Montgomery ta ba ka awa 24 bayan dusar ƙanƙara ta tsaya ka share hanyar ƙafa da ke gaban gidanka. Ka share. Ka share mashigar mota ma, ka miƙe kana riƙe da ƙugu, ka dubi aikinka. To a daidai wannan lokaci motar share titi za ta ɓullo daga kwana. Ina da yaƙinin direban yana laɓe ne yana kallo. Zai wuce a hankali, ya tattaro duk ƙanƙarar layin, mai datti mai tauri, ya gina maka katanga a bakin mashigar da ka gama sharewa, ya ɗaga maka hannu. Kai ma ka ɗaga masa, domin tarbiyya.

Gishiri kuma ba a zuba shi da buhu. Kofin shayi guda ya ishi mashigar mota matsakaiciya, kuma idan sanyi ya sauka wajen 15 a ma'auninsu, gishirin kansa ya sallama, sai dai ya kwanta a kan ƙanƙarar yana kallonka. Rarar da ka watsa ruwa zai kwashe ta zuwa rafin Sligo, daga can kogin Anacostia, kifaye su sha miyar da ba su yi oda ba.

Akwai kuma maƙwabcin nan mai injin feso ƙanƙara, wanda yake gama nasa cikin minti goma ya tsaya da kofi a hannu yana ba ka labarin dusar ƙanƙarar Fabrairun 2010 da ta Janairun 2016, yana cewa wannan ai ba komai ba ne. Ka girmama shi. Ka aika masa da dambun nama tun watan Nuwamba.

5. Kasuwa

Da zarar an yi hasashe, mutanen garin nan za su afka kantuna su wawashe burodi da madara da takardar bayi, abin da har yau ban gane haɗinsa ba. Mu ba ruwanmu. Akwai buhun shinkafa, akwai kuka da daddawa, akwai manja. Sai dai an rufe makarantu, yara suna gida, kuma yaron da ba ya makaranta yunwarsa ba ta da agogo. Tanadin mako biyu zai… bari dai in wuce wannan.

6, ko 7 ne?

Ɗauke wuta. A nan muke ɗaga kafaɗa, mu da muka yi karatun jarrabawa da fitilar ƙwai. Ƙanƙara ta lulluɓe rassan bishiyoyi, reshe ya karye ya faɗa kan waya, unguwa ta yi duhu, Bature ya rikice, kai kuwa ka ciro tocila da jarkokin ruwa kana murmushi. Murmushin ba ya wuce awa biyu. Na'urar ɗumama gida ko da gas take aiki, da lantarki take hura iskar. Wuta ta tafi, ɗumi ya bi ta.

To a nan zan ajiye raha, domin wannan ta kashe mutane. Kada ka hura gawayi a cikin gida. Kada ka shigo da kurfoti ko abin gashin nama falo ko gareji. Kada ka kunna murhun girki ka bar shi a buɗe don jin ɗumi. Ɗakunanmu na gida iska na ratsa su ta ko'ina, waɗannan kuwa a toshe suke ruf, kai ma ka ƙara liƙe tagogi da leda. Iskar gubar da gawayi da janareto ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum, kuma fiye da mutum 400 take kashewa a Amurka kowace shekara. Janareto a waje, aƙalla taku 20 daga gida. Hita ta yi nesa da labule da katifa da kamar mita guda. Bututun da ya daskare da na'urar busar da gashi ake lallaɓa shi, ba da harshen wuta ba. Sannan ku da kuka cire batirin na'urar gargaɗin hayaƙi saboda tana ihu duk lokacin da aka sa turaren wuta ko aka soya manja, na san ku, kun san kanku. Ku mayar da shi yau. Idan gidan ya yi sanyin da ba a iya zama, ku kira 311 ku tambayi inda gunduma ta buɗe wurin jin ɗumi, ko ku tafi gidan ɗan'uwa. Ba abin kunya ba ne. Ƙasar nan ma ta kwashe bikin rantsar da shugabanta ta kai cikin gini saboda sanyi, kamar na Reagan a 1985 da na Trump a 2025. Idan kuma tuƙi ne a ranka, ka tuna Sanata Tim Kaine ya shafe awa 27 a mota kan babbar hanyar I-95 a Janairun 2022, kuma shi sanata ne. Kai wa za ka kira?

Sauran abubuwa

Tagogi: leda da salatif. Ƙarƙashin ƙofa: tsohon zanen uwargida, amma ka tambaya tukuna, domin babu tsohon zane a duniya sai wanda ita ta ce tsoho ne. Alwalar asuba: ruwan zafi yana can ɗakin ƙasa, kafin ya hawo sama an tayar da iƙama a masallacin New Hampshire Avenue, don haka ka zaɓa tsakanin jam'i da yatsunka. Inshora: ka karanta takardar. Ban ce za ka gane ba.

Daga ƙarshe za ka kira mai gyaran famfo, kowa yana kira. Zai ce yana da mutum arba'in a gabanka. Idan Allah ya kawo shi, zai sa wa takalmansa leda cikin ladabi, ya yanke bangonka murabba'i, ya ciro guntun bututun jan ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba, da 'yar tsaga a gefe da za ka rufe da farce. Ya liƙa sabo, ya wanke hannu, ya miƙo maka takarda. Ka karanta adadin, ka sake karantawa, ka juya shi zuwa naira a zuci, ka nemi kujera. Ramin bangon kuwa ba aikinsa ba ne, wannan wani ne daban za ka kira.

Shekaru ina gaya wa yarana sai likita ko injiniya, kamar yadda kowane uba a cikinmu yake yi. Na tara su a falo na ce an sami canji. Babban zai koyi gyaran famfo, na biyun gyaran na'urar ɗumama gida, autar kuwa ta yi likitancinta, amma duk saurayin da zai zo gaisuwa ya zo da akwatin kayan aikinsa in gani.